Fil na Shida

Samarin da muke zaune fulat ɗaya a unguwar Al Nahda ta Dubai sun laƙaba mini suna Baba Mai Guga. Abin ya samo asali ne wata Asabar da Mubarak, mai aikin kwamfuta a wani banki, ya matsa sai ya bi ni wurin aikina can cikin sahara, inda masu kuɗi ke biya a hau da su sama su faɗo da lema. Ya tsaya da hannu a aljihu yana kallona ina jera yadi ninki bisa ninki, ya dawo gida ya ba da labari cewa shekara talatin da 'yan kai da nake yi musu taƙama da su, ashe ninke zanin gado nake yi. Har da cewa in aka ba shi kwana biyu zai iya. Na yi dariya tare da su, don yaron kirki ne, bakinsa ne dai yake riga tunaninsa fita. To amma tun da sunan ya ƙi mutuwa, gara in rubuta musu yadda abin yake, ko a samu mai sha'awar sana'ar ya san abin da zai shiga.

Da farko dai, lemar da nake ninkewa ba ita ce mai launi-launi da kuke gani a waya ba. Waccan mai ita ma yana iya cusa abarsa a jaka yana hira da budurwarsa. Tawa ita ce ta biyu, wadda ba a taɓa ta sai ta farko ta ƙi buɗewa. A jirgin yaƙi kuwa babu ta farko babu ta biyu, guda ɗaya ce tal, tana ƙunshe a bayan kan matuƙi, a jikin kujerar da ke harba shi waje idan jirgi ya kama da wuta. Tela idan ya ɓata riga, mai ita zai dawo a yi cacar baki a warware ɗinki. Ni idan na ɓata, babu mai dawowa. Shi ya sa kowace lema take da ɗan kati a aljihunta, duk wanda ya ninke ta sai ya rubuta rana ya sa hannu.

A Kaduna na koya, ina ƙaramin sojan sama, a hannun Saja Bitrus, wani gajeren mutumin Langtang mai tafin hannu kamar faranti, wanda a iya sanina bai taɓa yabon kowa ba. Wata huɗu na yi ban taɓa yadi ba. Shara nake yi safe da yamma, domin tsakuwa ɗaya a kan tebur tana iya huda lema, ɗigon man inji kuma yana cin yadin a hankali ba a sani ba. Ya hana zobe, ya hana agogo, ya hana goro, ya hana takalmi a ɗakin. Farce kuwa, kowace Litinin sai mun miƙa masa hannu ya duba kamar 'yan firamare. Teburin ya kai taku goma sha biyar, kuma ni nake goge shi daga wannan kai zuwa wancan.

Kayan aikin ba su da yawa, ba kuma mai tsada a cikinsu. Akwai mataji da ake raba igiyoyi da shi don kada ɗaya ta hau 'yar'uwarta. Akwai ƙugiyar jera su a gidajensu, da 'yan buhunan dalma na danne yadi don kada ya zame, da wani siririn katako mai santsi da ake cusa gefuna da shi. Sai fil. Idan ka zo rufe jaka, yadin yana turo ka kamar ƙullun da ya kumbura, sai ka soka fil na wucin gadi ya riƙe maka murfi kafin ka sa na gaskiya, wanda mariƙin buɗe lema zai zare idan an ja. Kowane fil na wucin gadi yana da dogon jan ƙyalle a wutsiya don ya tsone maka ido. Idan aka manta guda a ciki, ko mutum ya ja mariƙi har hannunsa ya goce, jakar ba za ta buɗe ba. Daga waje kuma ba lallai ka ga komai ba, domin ƙyallen yana iya shigewa ƙarƙashin murfi ya yi kwanciyarsa.

Maganin wannan shi ne allo. Allo ne a bango da aka zana siffar kowane kaya da farin fenti, kowa da ƙusarsa. Kafin ka fara, ka ƙirga. Ka gama lema ɗaya, ka mayar da komai gurbinsa, ka ƙirga da murya yadda na kusa da kai zai ji, sannan ka ɗauki biro. Ba bayan lema biyu ba, ba kuma sai ka dawo daga salla ba. Na taɓa ganin Saja ya tsare mu mu tara har bayan la'asar ba ci ba sha, saboda buhun dalma ɗaya da ya faɗa bayan kabad.

Lemar farko da na ninke ni kaɗai awa huɗu ta ɗauke ni, gumi har cikin safa. Na ƙirga kaya, na matse hatimin dalma a kan jan zare, na sa hannu, na ƙame ina jiran ya ce wani abu. Ko juya jakar bai yi ba. Cewa ya yi gobe da safe akwai jirgin da zai saki 'yan lema, ya sa sunana, kuma wannan zan goya. Na ce masa, Oga, ai sau uku kacal na taɓa tsalle, shi ma a lokacin horo.

"Habu," in ji shi, "in kai ba ka yarda ka goya ta ba, ɗan wa kake so ya goya?"

Na goya. A ƙofar jirgin na tsaya ina tuno ninki ɗaya bayan ɗaya ina neman inda na yi ganganci. Da ta buɗe ta fizge ni, na ɗaga kai na ga igiyoyina a miƙe sar kamar zaren masaƙa, ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Na sauka a gonar dawar wani bawan Allah, na kwantar masa da kunya biyu, sai da aka yi ta ba shi haƙuri. Da Saja ya gan ni, abin da ya ce kawai shi ne in je in share tebur.

Bayan na ajiye kaki wani abokina ya samo mini biza, na zo Dubai na kama aiki da kamfanin masu tsallen nan, a ƙarƙashin wani Balarabe ɗan Sham da muke kira Abu Samir. Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Akwai mai kawo lema jiƙe sharkaf da ruwan teku ya ce gobe yake so. Akwai mai tsayawa a kaina yana duba agogo, yana tambayar me ya sa nawa ya fi na kowa daɗewa. Irin waɗannan nakan ce su kai wa mai sauri, ba na riƙe kowa. Al'adarsu ita ce duk wanda lemarsa ta biyu ta cece shi zai kawo wa wanda ya ninke ta kwalbar giya. Da suka gane ba na sha, sai suka koma kawo mini zuma. Akwai shekarar da na jera kwalba bakwai a kan firjinmu, kowace ɗaya mutum ne da yake yawo da ƙafarsa har yau.

Ina cikin wannan ne wani ofis a unguwar Port Saeed nan Dubai, irin masu samar wa ƙasashe ma'aikatan jirage, suka neme ni. Wata ƙasa ce ake yaƙi a cikinta, sunanta ba zai fito daga bakina ba don na sa hannu a takardar da ta hana. Suna da tsofaffin jiragen yaƙi masu irin kujerun da na sani tun Kaduna, mai ninka musu lema kuma ya kwashe iyalinsa ya tsallake iyaka. Na karɓa. Ba zan yi ƙaryar cewa tausayi ne kaɗai ya kai ni ba, albashin ma ya yi magana, sannan ga kewar kujerar jirgin yaƙi da ta daɗe tana cina.

A can na tarar da Amurkawa huɗu. Ba gwamnatinsu ce ta turo su ba, 'yan sa-kai ne, tsofaffin matuƙa da suka gama aiki a gida suka zo suka sa kakin wata ƙasa, suka karɓi muƙamin da bai kai nasu na da ba. 'Yan ƙasar wasu na cewa sojan haya ne, wasu na cewa Allah ne ya kawo su. Ni dai abin da na gani, suna shiga jiragen da sun girmi 'ya'yansu, suna dawowa da huji a fukafukai, washegari su sake shiga. Wanda na fi sabawa da shi Kyaftin Wesli ne, dogo mai furfura, mai surutu kamar rediyo. Ya ce da can ya taɓa koyar da wasu samarin ƙasar tuƙi a Amurka, da yaƙi ya ɓarke ya riƙa jin an kashe wane an kashe wane, sai zaman gida ya gagare shi. Shi kaɗai ne matuƙin da ke leƙo ɗakin lema. Sauran ba sa son ganin abin, kamar yadda wasu ke kauce wa rumfar mai sayar da likkafani. Shi kuwa zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa yadda na gindaya, ya jingina da bango yana ba ni labarin shanun mahaifinsa, yana kirana Cif. Na saba da shi har na daina ganinsa a matsayin baƙo a ɗakin, wannan kuwa shi ne kuskurena na farko.

Daga baya aka mayar da Amurkawan wani ƙaramin fili a arewa kusa da bakin daga, inda babu tebur babu mai ninki. Wata safiya aka ce mini jirage huɗu da aka gama gyara za su tashi kafin azahar, kuma dukansu lokacin sabunta lemominsu ya wuce. Ɗaya Kyaftin Wesli ne ya zo a mota zai tafi da shi arewa. Ukun matuƙa 'yan ƙasa ne za su je su taimaki sojojin da aka matsa wa a wata mashigar kogi. Na fara tun bayan sallar asuba da ta Kyaftin. Ya shigo muka gaisa, ya tsaya yana zuba har na rufe jakar, ya buga mini kafaɗa ya fita. Masu ɗaura kujera suna tsaye a ƙofa, da na matse hatimi sai su sure, suna yi mini tsawa in yi sauri. Kowace jaka fil uku take ci, ni kuwa shida gare ni, saura suna zube a kan tebur. Na ce a raina in na gama duka na ƙirga gaba ɗaya. Abin da ban taɓa yi ba tun da Saja Bitrus ya miƙa mini mataji, ranar na yi shi.

Da hantsi na ji tashin jirgin Kyaftin. Rana ta kusa tsaka na gama ta huɗu, aka sure ta, na fara mayar da kaya allo. Mataji ya hau, ƙugiya ta hau, buhunan dalma suka cika. Fil ya zo biyar. Na sake ƙirgawa, biyar. Na duba ƙarƙashin tebur, na zazzage aljihuna, na kifar da kwandon shara, na ja kabad, na bi bango da gwiwa kamar mai neman allura. Ƙusa ta shida tana nan tsirara da farin zanenta.

Babu wanda ya sani sai ni da Allah. A waje injuna uku sun riga sun fara kuka, matuƙan suna ɗaure a kujerunsu. Da na yi shiru, wataƙila har yaƙin ya ƙare babu wanda zai ja mariƙi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ƙofar jirgin Kaduna, kunya kuma ta fi tsoron yawa. Na fita da gudu da safa a ƙafa, kwalta tana ƙona ni, na sami Kanar ɗin da ke shugabantar filin yana tsaye da rediyo a hannu.

"Yallaɓai, fil ɗaya ya ɓace mini. Jiragen nan ba za su tashi ba."

Ya dube ni tun daga kai har safa. Ya tambaya ko na tabbata yana cikin wata lemar. Na ce ban tabbata ba. Ya ce to me ya kawo ni? Na ce rashin tabbatar ne ya kawo ni. Ya ce akwai mutanensa a bakin kogi da ake ta zuba wa wuta tun safe suna kallon sama, shin ni ne zan je in gaya musu wani ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa ya hana a zo? Na dai ce masa hannuna ne a kan katin, ni kuma ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Ya kira matuƙan ta rediyo ya gaya musu, ya ce wanda zai tashi a haka ya tashi. Can sai ƙaramin cikinsu ya kashe injinsa, sauran biyun suka bi.

A gaban Kanar na buɗe lemomin uku ɗaya bayan ɗaya, na baje su a kan tebur, na bi kowane ninki da hannu. Babu fil. Kafin in sake ninke su, ina ƙirga bayan kowace ɗaya da murya kamar sabon shiga, la'asar ta yi. Abin da aka rasa a bakin kogin ranar ba su gaya mini ba, ni ma ban daina tambayar kaina ba.

Saura ta Kyaftin. Na ce wa Kanar in ba ya ɗakin, ba ya cikin ukun nan, to yana arewa a bayan kan Kyaftin Wesli, ko duk wanda zai hau jirgin gobe, domin kujera ta jirgi ce ba ta mutum ɗaya ba. Na roƙe shi a dawo da jirgin, ko a kai ni can da tabarma in buɗe a ƙasa. Ya ce na riga na cinye masa yini guda a kan mafarki, ba zai ba ni na biyu ba, kuma ba zai aika wa matuƙan arewa maganar da za ta karya musu zuciya ba. Wayoyinmu kuwa tun ranar da muka iso aka karɓe. Sai na koma ɗaki na ɗauko rajistar aiki, na nemo layin lemar, na rubuta da jan biro cewa na janye sa hannuna daga kanta, duk wanda ya tashi da ita ba da yawuna ba. A ƙa'idar aikin, wannan rubutun kaɗai ya isa ya ɗaure jirgi a ƙasa. Kanar ya karanta, ya yage shafin, ya ninke ya sa a aljihu. Washegari aka sa ni a jirgin kago mai ɗaukar kaya aka dawo da ni Dubai.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Ofis ɗin Port Saeed suka ce sun aika arewa da saƙona game da fil ɗin, na san ba su aika ba. Na yi ta zarya har mai gadin ya daina amsa sallamata. A ƙa'ida bayan wata shida ana buɗe kowace lema a sake ninkewa, na riƙa lissafin watannin, amma na san a wurin da babu tebur ba wanda zai buɗe. Abu Samir ya kira ni ya fi sau biyar. Yana cewa, habibi, abin da ya wuce khalas, ya wuce, yalla ka dawo, teburinka yana nan. Na ce masa ba zan iya ɗora hannu a kan lemar kowa ba alhali akwai wadda na bari a baya ban san abin da ke cikinta ba. Ya ce ni mahaukaci ne, na ce na ji.

Wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kago ya ba ni aikin ɗaure kwali a bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodin firji da tayoyi da buhunan shinkafa. Hannun da aka hana wa zobe ya koma jan igiyar leda a rana har ya tsattsage. Masu dako suna yi mini dariya wai ina ɗaure kwalin taliya kamar za a jefo shi daga sama. Duk lokacin da na ji a labarai an harbo jirgi a waccan ƙasar, sai in yi ta neman ko an ce matuƙin ya fita. Ba a cika faɗa ba. Na rame har wandunana suka koma na aro, ina sallah ina roƙon Allah kada kowa ya ja mariƙin nan.

Wata na goma da dawowata, wata ranar Talata bayan la'asar, wata yarinya daga ofis ɗin Port Saeed ta kira ni ta ce wani Bature ya zo yana nemana, ya ce zai jira ni a wani gidan abinci a Al Rigga kusa da tashar jirgin ƙasa. Ban tsaya canza riga ba. Ina shiga na hango furfurar. Kyaftin Wesli ne, ya yunƙura zai tashi da sanda, na ga kamar ya rage tsawo. Na faɗa masa, ya ce haka ne, kujerar ta matse masa ƙashin baya, likitoci sun ce shi da tuƙi har abada. An harbo shi wata uku da suka wuce, a cikin wannan jirgin, a kan wannan kujerar.

Na ja kujera na zauna. Ya ce yana kwance a asibiti wani makanikin filinmu ya je duba shi, yake gaya masa lallai yana da sauran kwana, domin ɗan Najeriyan nan da aka kora ya rantse akwai fil a cikin lemarsa. Shi kuwa sai a ranar ya fara jin zancen, don an ce masa kwangilata ce ta ƙare. Ya tambayi makanikin wane irin fil. Da aka kwatanta masa, ya ce a miƙo masa jakar hular tuƙinsa.

Ya sa hannu a aljihu ya ajiye shi a kan tebur tsakanin kofunan shayi. Ƙyallen ya koɗe ya yi baƙi-baƙi. Ya ce a wurinsu matuƙa suna rataye irin jajayen ƙyallayen nan a jaka da makullin mota, don ado da neman sa'a. A waccan safiyar ya ga shida a zube a kan teburina, zai tafi bakin daga, sai ya ɗauki ɗaya don ya riƙa tunawa da ni, kamar yadda mutum zai wuce da biron banki. Wata goma yana lilo a jikin jakarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na tuna bakin kogi, na tuna shafin da aka yage, na dubi hannuwana. Da ɗan ƙasarmu ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma dattijo ne a gabana idonsa ya cika da ƙwalla, yana cewa laifinsa ne, laifinsa ne. Na bari ya gama, sannan na ce masa ɗauka tasa ce, amma da na ƙirga bayan lemarsa yadda aka koya mini, da kafin ya sa takalminsa na kama shi, a yi dariya a wuce. Don haka kowa ya riƙe rabonsa.

Ya share fuska, ya ciro wani abu daga walat ɗinsa. Katin lemar ne, ya yi laushi, da tabon laka a gefe. Ya ce da ya sauka a cikin wata fadama, kafin ya tura lemar cikin ciyawa ya ɓoye, sai da ya zaro shi, shi ma bai san dalili ba. Ga ranar, ga sa hannuna. Ya tura mini shi tare da biro.

"Cif, an ce ka janye hannunka daga wannan lemar. Na zo ne ka mayar."

Ban karɓi biron nan take ba. Ba a sa hannu a kan aikin da ba a duba ba, wannan kuwa ba ni da hanyar duba shi sai ta bakinsa. Na tambaye shi ko ta yi jinkirin fita daga jaka, ya ce kafin ya gane yana waje ta riga ta kama iska. Na tambaya ko yadin ya yage a wani wuri, ya ce bai ga ko huji ba. Na tambaya ko ta riƙa juya shi, ya ce a'a, ta sauko da shi tsaye kamar wanda aka ɗauko a hannu. Mai kawo abinci ya zo ya tsaya da faranti, na ce ya ɗan jira.

"Igiyoyin fa, Kyaftin? Ka ɗaga kai ka duba?"

"Babu abin da na kalla sai su har na iso ƙasa."

"Akwai wadda ta hau 'yar'uwarta?"

"Ko ɗaya."

Na goge hannuna a jikin rigata don kada in ɓata katin. Na rubuta ranar wannan Talatar a layi na gaba, na sa hannu a karo na biyu a kan lemar da ta riga ta gama aikinta, na miƙa masa abinsa.